Hannun Baba a Bakin Rijiya

Ku duka kun tashi kun tarar da wata magana a gidan nan, kuma babu ɗayanku da ya taɓa tambayata ko gaskiya ce. Maganar ita ce wai kakanku, Malam Ɗanladi magini, tsufa ya cim masa ya ƙi ajiye cokalin gini, ya yi aikin ha'inci a rijiyar bakin masallaci, ta rufta da mijin 'yarsa. Haka kuka ji a tsakar gida, haka kuka ji a lungu, har ta kai a unguwarmu ta Koki in mutum ya yi aikin ganganci sai a ce ya yi ɗaurin Ɗanladi. Ni kuwa ina zaune ana ce mini Alhaji Habu mai riƙon marayu, ina amsawa da fara'a. Yanzu na haura tamanin, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana haɗa kayansa. Ba zan ɓata takarda wajen lissafa makarantun da na yi ko gine-ginen da na tsaya a kansu ba. Sunan ubana nake so in wanke kafin a wanke ni. Ku 'ya'yana na rubuta wa, amma wanda na fi nufi shi ne kai Musa, ɗan ƙanwata Hajara, domin ubanka ne ya mutu a rijiyar.

Baba maginin ƙasa ne, haka ubansa, haka kakansa. Abin da ya yi suna a kai shi ne laso, simintinmu na da. Katsin da ake kwashewa daga gindin karofin marina ake ƙonawa, a haɗa da gashin jima da ruwan tsiron dafara mai danƙo, a yi ta kirɓa har tafin hannu ya yi kanta. Da shi ake shafe karofi da rijiya, ya shekara talatin a cikin ruwa ko gezau. Yana da al'adu biyu. Ta farko, ba ya fara aiki sai ya ɗanɗana wurin. Zai tsuguna ya ɗebi ƙasa da yatsa biyu ya sa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar baƙi, ya tofar, sannan ya faɗi abin da ƙasar za ta ɗauka da abin da ba za ta ɗauka ba. Wannan al'ada kunya take ba ni ina saurayi, in ya tsuguna sai in kau da kai kamar ban san shi ba. Ta biyu, in ya gama aiki yakan danna tafin hannunsa na dama a ɗanyen shafe. Azara ta taɓa datse masa rabin ƙaramin yatsa, saboda haka duk wanda ya ga hannu mai yatsa huɗu da rabi a jikin gini ya san na Ɗanladi ne, kuma ya kwana a ƙarƙashinsa da ido biyu a rufe.

Ni ban gaji laso ba. Na yi 'yar bokona, na sami aikin gini na gwamnati, na saba da siminti da kwanon sarki na rufin ɗaki da gajeren wando mai aljihu huɗu, kaina ya yi girman da hula ba ta shiga. Helumanmu, wato shugaban ma'aikata, wani mutumin Gabas ne, Mista Obi, ya yi shekara ashirin a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya koya mini duk abin da na sani game da siminti. A sitonmu akwai wasu buhuna na garin farin dutse da ake zubawa a kwalta, laushinsa da na siminti ba ka bambancewa, sai dai ya ɗan fi haske. Wata rana na ga yana barbaɗa kaɗan a kwaɓin shafen ofis, na tambaye shi.

Ya ce, "Wannan ɗan'uwan siminti ne, Habu, amma shi ba a sa shi a wuta ba, ba ya kama komai. Ka sa kwano ɗaya a goma, shafen ɗaki zai yi santsi. Amma kar ka kai shi ƙasa inda ruwa mai ɗaci yake. Ruwan zai bi ta jikinsa ya cinye maka simintin."

Na so in ce muku na manta wannan magana. Ban manta ba, ga ta na rubuta muku ita yadda ya faɗe ta.

Sai shekarar da gari ya rikice ta zo, aka yi abin da aka yi wa mutanen Gabas, abin da har yau ba na son tunawa. Ni na raka Mista Obi tashar jirgi da riga ɗaya a jikinsa. Ya danƙa mini makullin sito ta taga, ya ce in kula da kayan mutane. Ban sake jin labarinsa ba, ban san ko ya isa gida ba. Bayan wannan yaƙi ya ɓarke, siminti ya yi ɓatan dabo. Wanda ake yi a Gabas yana bayan wuta, wanda ke zuwa ta teku sojoji sun riga kowa. Ka ga attajiri da kuɗi a hannu yana zagaya kanti-kanti yana neman buhu ɗaya kamar mai neman magani. Famfon unguwarmu kuma ya koma tari kawai, ka murɗa ya yi kaki ya yi shiru. Kowa ya koma kan tsohuwar rijiyar bakin masallaci, mai gaba goma sha biyu. Ruwanta zartsi ne, ba a sha, amma da shi ake wanki da wanka da alwala. Da jan guga ya yi yawa sai bakinta ya fara zaizayewa, ƙasa tana gangarawa ciki. Mai Unguwa ya tara dattawa a zaurensa, ya ce wani ɗan kasuwa ya samo wa unguwa siminti buhu shida sadaka, a ɗaure rijiya. Aka kira Baba, ni kuma na bi shi ba a kira ni ba.

Baba ya sa aka jawo guga, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Ya sake kurɓa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ya sake hali. Da zartsi ne kawai, yanzu akwai ɗaci a bayansa. Ruwan jima ne yake biyowa ta kududdufi, tun da suka fara jiƙa fata da garin kanti. Ruwa ba ya tsami banza. A bar ni in yi mata laso."

Mai Unguwa ya ce, "Kwana nawa, Malam Ɗanladi?"

"Kafin in tara katsi in ƙona in kirɓa, wata uku."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wata uku ba rijiya, ga bazara tana tafe. Nan na buɗe bakina, ni ɗan shekara ashirin da biyar, a gaban sa'o'in ubana.

Na ce, "Baba, siminti ba ya tsoron ruwa. Da shi ake gada. A ba ni buhunan nan shida, kwana ashirin an gama."

Wani dattijo ya ce, "To Malam Ɗanladi, ɗanka ya fi ka sauri."

Aka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Baba ya goge bakinsa da gefen riga.

Sai da na koma gida na zauna na auna, na ga ƙawanyoyin siminti da rijiyar take bukata a jera mata a ciki ba su yiwuwa da ƙasa da buhu goma sha biyu. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in koma in ce na yi kuskure. Amma na riga na ji daɗin dariyar nan, kuma ga makullin sito a aljihuna. Ban ci ƙwandala a aikin nan ba, kar wani ya rage mini laifi ya ce talauci ne ko kwaɗayi. Girman kai ne tsagwaronsa. Na ɗebo garin farin dutse buhu shida, na kai wani kango a bayan masallaci, na ware ɗan siminti gefe, sauran na gauraya da garin rabi da rabi ni kaɗai kafin leburori su zo. Muka zuba ƙawanyoyi, muka yi ta ba su ruwa. Ranar bakwai na buga musu guduma, suka amsa da ƙara mai daɗi. Na ce a raina Mista Obi ma tsoro ne ya yi masa yawa. Muka zura su ɗaya bisa ɗaya, da ƙarafan takawa a jikinsu, aka zo kan murfin baki. Shi kam da ragowar siminti tsantsa na zuba shi, domin shi ido zai gani. Baba ya zo ya leƙa, ya shafa ƙawanyar sama, ya murza yatsunsa.

Ya ce, "Habu, siminti ne zalla?"

Na ce, "Zalla ne, Baba."

"Ya yi mini haske."

"Na yaƙi ne. Haka yake zuwa yanzu."

Ya daɗe yana kallona. Sai Mai Unguwa ya matso ya ce mata ba za su sake da rijiyar ba sai sun ga hannun Ɗanladi a bakinta, ya taimaka ya sa albarka. Baba ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna tafinsa a ɗanyen murfin. Bai kwaɓa ko kwano ɗaya a aikin ba.

Shekara ta farko na sha yabo. Ta biyu, wata rana da hantsi, Inna mahaifiyata tana tace ruwan wanki ta ce mini gugan nan ya fara fito da wani fari-fari kamar gasara. Da rana ta take, lokacin da ba kowa a bakin rijiya, na ɗauki madubin Inna na haska rana a ciki yadda masu haƙa suke yi. Na ga ƙawanyoyin da ke daidai bakin ruwa sun kumbura, sun tsattsage, farin abu yana tsattsafowa daga tsagun. Na samo doguwar gora na zura na taɓa. Gorar ta shige kamar an soka tsinke a tuwo. Na janye ta, na goge bakinta da ƙasa, na mayar wa Inna madubinta. Na ce wa kaina yaƙi ya kusa ƙarewa, siminti zai dawo, in nemi dalili in sake ɗaurin ba wanda ya sani. Kullum in na wuce sai in leƙa, kullum sai in ce saura kaɗan. Wata goma sha huɗu na yi ina wannan leƙe.

Musa, ubanka Tanko mai haƙa da yasar rijiya ne. Gajere ne kakkaura, ba ya iya magana ba tsokana, ni yake kira Yaya Injiniya don ya san abin yana fasa mini kai. Lokacin kana goye, Hajara tana da cikin ƙanwarka. A bazarar shekara ta uku ruwa ya ja baya, laka ta taru, Mai Unguwa ya ce a yashe rijiya, kuma wa za a kira in ba Tanko ba. Na ji labari tun kwana biyu kafin ranar. Kwana biyu cur ina da su. Da safen na je na same shi ya tuɓe riga yana ɗaura banten aiki, mutane sun kewaye.

Na ce, "Tanko, ka bari sai bayan damina mana."

Ya ce, "Bayan damina in yashe me, Yaya Injiniya? Kifi?"

Na ce, "To ka ɗaura igiya a ƙugu. Kar ka dogara da ƙarafan nan."

Ya yi dariya, ya buga tafinsa a kan hannun da ke jikin murfin.

Ya ce, "Aikin Baba ne fa. Ga hannunsa. Ko a kan wannan aka ce in yi sallah zan yi."

Kalma biyar ta ishe ni in tsayar da shi. In ce, ba aikin Baba ba ne. Na dubi mutanen da ke tsaye, waɗanda suka yi dariya a zaure, na haɗiye. Ya ɗaura igiyar don ya faranta mini, ya sauka yana waƙa. Muna jin muryarsa tana nisa. Da ya taka ƙarfen da ke kusa da ruwa sai ƙarfen ya zare, ƙawanyar ta buɗe, waɗanda ke samanta suka rasa mazauni suka biyo ta, ƙasa ta biyo su. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Muka ja igiya, igiya ta ƙi zuwa.

Sai bayan la'asar aka iso gare shi. Duk wanda ya shiga ya fito sai ka gan shi fari fat har gira. Abin da ake fitarwa a guga ba ya kama da siminti, wani farin caɓi ne da tsakuwa a ciki, ka matsa ya fito ta tsakanin yatsu. Baba yana tsaye tun safe bai zauna ba. Ya sunkuya ya laƙato caɓin nan, ya sa a harshe a gaban kowa. Wannan karon bai lumshe ido ba, ni ya kalla. Mai Unguwa ya ce hukuma za ta tambaya, dole a san wanda za a ce ya yi aikin. Mutane suka fara waiwayowa wajena.

Baba ya ce, "Aikina ne, ranka ya daɗe. Yaro leburanci ya yi mini. Ni na auna, ni na kwaɓa. Ga hannuna can."

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar na ga an doki wani ina tsaye a bushe.

Washegari bayan an dawo daga maƙabarta ya kira ni soron da yake ajiye kayan aikinsa, ya sa na sakaya ƙofa.

Ya ce, "Kashi nawa ka sa?"

Na ce, "Rabi da rabi."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin gero.

Na ce, "Baba, bari in je in faɗa."

Ya ce, "Ka je ka faɗa, a kore ka, a ɗaure ka da satar kayan gwamnati. Sai wa ya ciyar da Hajara da abin da ke bayanta da abin da ke cikinta? Ni tsoho ne, faɗa za a yi mini a sake ni. Kai ka ɗauki marayu, ni in ɗauki sunan. In yara sun girma ka gaya musu."

Na fashe da kuka, ya ce in yi masa shiru.

Ya ce, "Ni ma ba a banza na ɗauka ba. Harshena ya gaya mini gaskiya, yatsuna suka gaya mini, na bar su na bi bakin ɗana. Tashi ka ba ni wuri."

Yadda ya faɗa haka aka yi. Aka kira shi aka yi masa faɗa, aka ce tsufa ne da rashin sanin kayan zamani, aka sake shi. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa aiki, ko gyaran katanga. Masu marina da suka shekara arba'in suna ba shi karofi suka koma wa wani. Mutanen da ke da hannunsa a soronsu wasu suka sa aka shafe shi da ƙasa. Wannan duk ya ɗauka. Wanda ya karya shi Hajara ce. Ta dawo gida ta yi takaba ta zauna, ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, amma daga bayan labule take gaishe shi. Ranar da ka fara tafiya, Musa, ka taka ka faɗa cinyarsa, ta zo ta ɗauke ka, ya bi ku da ido hannuwansa a buɗe. Ina tsakar gida ina gani. Ni kuwa in na shigo da cefane sai ta durƙusa ta ce, Yaya, Allah ya saka, ba don kai ba da mun wulaƙanta. Shekara shida Baba ya yi a haka. Da ciwon ajali ya kama shi ya aika a kira ta, ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta juya. Bai sake neman kowa ba.

Ku lura, bai ce in yi shiru har abada ba. Cewa ya yi in yara sun girma. Kuka girma, na ce sai kun gama karatu. Kuka gama, na ce sai kun yi aure. Kai Musa ka haifi ɗanka na fari ka sa masa sunana, na yanka rago na ci nama. Gaskiyar ita ce sunan kirki yana da daɗi, na saba da shi kamar yadda ake sabawa da katifa. Hajara ta rasu bara tana yi mini addu'a, ta tafi da ƙullin ubanta a zuciya, kuma wannan ba shi da gyara. Ina jin kunyarsa fiye da yadda nake jin tsoron kabari, kuma kabarin ma ina tsoronsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami Bilki ce, autata, wadda ta karanta aikin injiniya na gaske, ba irin nawa na baki ba. Da sallar nan muna cin abinci take ba ni labarin aikinta. Ta ce yanzu tun daga masana'anta ake sa garin farin dutse a siminti, amma da awo, kuma kafin su zuba harsashi sai sun gwada ƙasa da ruwan wurin, domin akwai wani gishiri mai suna salfet da yake bin damshi ya shiga kankare, ya kumbura shi daga ciki, ya mai da shi caɓi a hankali. Na ce mata kakanta da harshe yake wannan gwajin. Sannan na tambaye ta, in mutum ya sa garin rabi da rabi fa, a cikin rijiya mai ruwan ɗaci?

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, wane mahaukaci ne zai yi haka?"

Na ajiye cokali.

An cike rijiyar tun a shekarar, amma murfin yana nan a gefen masallaci, yara suna zama a kai. Shi bai lalace ba, don shi kaɗai na yi da gaskiya. Na san ba ka bin lungun, Musa, na san ka fi shekara hamsin kana zagayewa don kar ka ga hannun nan. Sunan da ka sa wa ɗanka ba zan ce ka cire ba, yaro ba shi da laifi. Ba na kuma roƙonka gafara a takarda, wannan sai ido da ido, in ka ga dama. Ranar Juma'a in an sauko zan sa a kai ni bakin murfin in zauna. In ka zo, zan ɗora hannuna a cikin na kakanka ka gani. Nawa ya fi nasa da rabin yatsa, kuma shi ne ya kashe ubanka.